Taubashina da Gangarar Rami

Ranar da muka kai taubashina makwancinsa a Tasawa, bakina ya ja mini. An sauke shi, ana shirin jera itace, sai na leƙa na ce, "Wai wa ya haƙa ramin ga babu gangara? Tsoho, yau kai ma an yi maka."

Liman ya ɗago ya harare ni. Samarin da ke riƙe da shebur suka dubi juna, alamar tsohon nan ya fara zarewa. Wasu tsofaffin magina biyu kuwa suka rufe baki da hannun riga, kafaɗunsu na rawa, har yau ban san ko dariya ce ko kuka ba. Babban ɗan mamacin ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Baba, a maƙabarta fa muke." Na ce na sani, ai shi ya sa. Ba ni da sauran wurin da zan tsokane shi bayan wannan.

Kafin mu komo gida magana ta riga mu. Aka kai wa uwargidansa, tana ɗaki ta shiga takaba. Ɗiyarta ta ce mini tsohuwar ta yi dariya har ta kwanta, daga nan dariyar ta juye kuka, ta ce, "Da Gajere bai faɗa ba, da mai gidan ya tafi da fushinsa."

Gajere ni ne. Shi ya laƙa mini, kuma bai yi ƙarya ba. Shi ɗan gwaggona ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma taubasantaka ba ta san furfura ba. Muka ƙare rayuwa muna gardamar wane ne bawan wani, ya mutu ba a raba ba.

A zaman makoki kowa ya faɗi alherinsa. Mai sallah ne, ba ya cin haƙƙin lebura, ba ya wuce mara lafiya. Duk gaskiya ne, amma irin gaskiyar da ake faɗa wa kowane mamaci. Can wani baƙo, abokin jikansa, ya tambaya da kyakkyawar niyya: "An ce babban magini ne. Wane gini ya bari a garin nan, in je in gani?" Ɗakunan ƙasa da ya gina, wasu damina ta ci, wasu an rushe an sa siminti. Babu bangon da za a nuna a ce ga hannunsa. Na ji abin har cikin ƙashina. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu, ni da malamin lakwal, wato makarantar boko, ya sallama tun ban iya riƙe alli ba, ya ce kaina ƙwarya ce mai huji. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake.

Akwai kuma abu na biyu da ya hana ni sukuni a zaman nan. Jikansa, wanda ya gaji sana'ar, yana gina gidan haya mai bene a bakin hanyar da yara ke bi zuwa lakwal. Ya haƙa ramin salga mai zurfi, tsaye cak kamar rijiya, siminti ya yanke masa, ya bar shi baki buɗe. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. Kullum in zan zo gidan makoki ta nan nake wucewa. Zan komo kan wannan.

Wanda bai san ginin ƙasa ba, ga yadda yake. Kafin ɗaki ya tashi sai an haƙa rami an ɗebi ƙasar tubali. Ɗaki ya gama, a shiga, a yi guɗa. Rami kuwa a bar shi. Damina ta zo ta cika shi, ya zama kududdufi, gefensa santsi, abin da ya faɗa sai Allah. Taubashina yakan ce, "Duk ɗakin da ka gani tsaye, akwai raminsa kwance a wani wuri. Ɗaki yana da mai shi, rami maraya ne." Mutane sun sha tambayata ko wani nasa ya taɓa halaka a kududdufi. Babu. Na bincika har wajen gwaggo tana da rai. Haka kawai Allah ya yi shi, ba ya iya juya wa rami baya.

Dokarsa ɗaya ce. Duk ramin da ya ɗebi ƙasa, sai ya kwantar da gefe guda, ya yi masa gangara, yadda abin da ya faɗa zai tako ya fita da ƙafarsa. Ma'auninsa kuwa ni ne. Aikina jan ƙasa da ruwa a amalanken jaki, amma in an gama haƙa sai ya ƙwala kira: "Gajere, zo ka hau!" In sauka ƙasan rami, in maida hannuwa baya in harɗe, in tako. In na dafa ƙasa ko na durƙusa, a koma haƙa. In na fito tsaye, sai ya juya ga leburori ya ce, "To, madalla. Tun da Gajere ya fita, akuya ma ta fita." Magidanci da ni, da mata da ɗiya, ana gwada ni da akuya a bainar jama'a. Na taɓa ce masa ya riƙa sa akuyar mana. Ya ce akuya tana da wayo, gwajinta ba ya nuna komai.

Yana da wasu halaye da suka dame mu. Aljihunsa kullum a yage, don ba ya wuce ƙusa ko guntun waya a ƙasa, sai ya duƙa ya ɗauka. Uwargidansa ta gaji da ɗinki, ta ɗinka masa jaka ta fata, ya cika ta, ya koma wa aljihu. In an kira shi sabon gini, sai ya fara zagaya unguwa yana neman kango, ya roƙi mai shi tsohuwar ƙasar, don a rage haƙa. Wani attajiri ya taɓa cewa a sare gawon da ke tsakiyar filinsa. Taubashina ya ce to, ya kama aiki, ya bi da bango ya kewaye gawon ta baya. Attajirin ya dawo daga tafiya ya tarar da katangarsa ta yi ciki kamar mai juna biyu. Ya yi faɗa, ya yi faɗa, ƙarshe a gindin gawon ya riƙa shimfiɗa tabarmarsa.

Farin farko, shekarar da ruwa ya ƙi sauka, shi ya koro mu daga ƙauyenmu na wajen Gidan Amumune zuwa Tasawa, ba a daɗe ba soja suka karɓi mulki. Amma rigimar da zan ba da labari a fari na biyu aka yi ta, wanda ya fi zafi a wajenmu. Gero bai kai gwiwa ba ya ƙone. Mutanen Issawane, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, suka gangaro suka kafa bukkokin kara da tsumma a bayan gari. A lokacin ne aka ce za a gina wa ma'aikata gidaje, dogayen ɗakuna a jere, ƙofa kusa da ƙofa, na birkin ƙasa, wato tubali, a shafe da siminti. Wani ɗan kwangila baƙo ya samu aikin, ya ɗauki taubashina shugaban magina, taubashina ya ɗauke mu. Lada kuwa jar dawa ce ta taimako, a auna maka da tiya kowace yamma. A shekarar nan wanda ke shiga gida da tiyar dawa sarki ne.

Tun farko suka fara saɓawa a kan rijiya. Taubashina ya hana ni ɗibar ruwan kwaɓa sai mata sun gama. Ɗan kwangila ya ce rana na tafiya. Ya ce masa, "Bango ba ya jin ƙishirwa, Alhaji. Ya jira." Wannan an shanye. Abin da ba a shanye ba shi ne rami. Ƙasa mai kyau tana dab da bukkokin mutanen Issawane, aka haƙa wajen, aka yi zurfi har mutum biyu su hau kan juna ba su leƙo ba. Taubashina ya ce a tsaida yin birki a kwantar da gefe guda. Leburori da kansu suka yi masa dariya. Wani ya ce, "Baba, sama ta manta da mu, kai kana tsoron ruwa?" Ya ce, "Sama ba ta mantuwa. Mu ne za mu manta da ramin."

Ɗan kwangila ya kai ƙara wajen kumandan, sojan da ke riƙe da gari. Aka kira taubashina, na bi shi, wai in riƙe masa takalmi, gaskiya kuwa gulma ta kai ni. Na zaci za a yi tsawa. Ba a yi ba. Kumandan ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ta bakin tafinta, ko da yake Hausarsa ta fi ta tafintan: malaman lakwal da na likita suna kwana a rumfa da iyalansu, wasu sun fara guduwa, in suka gudu wa zai duba yaran da ƙyanda ke kashewa? Gidaje yake so kafin a buɗe lakwal. Rami a gani daga baya. Ya ce, "Tsoho, ko ka ci gaba yadda aka ce, ko ka ba wani wuri."

Ni a raina na ce maganar sojan nan tana kan hanya. Har gobe ban ce ya yi ƙarya ba. Taubashina ya gyara hularsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, 'daga baya' ba ta taɓa cike rami ba." Ya yi sallama ya fito. Ɗan kwangila ya kore shi, ya haɗa da duk wanda ya kawo.

A bakin ƙofa na tare shi, kuma ran nan babu wasa a bakina. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Yaran da ba su faɗa rami ba kake ji, namu da ke kuka da yunwa yanzu fa?" Ya ce, "Gajere, ina jin su." Na ce, "Ƙarya kake, da kana ji da ba ka yi ba." Ban taɓa ce masa maƙaryaci da gaske ba sai ran nan.

Na koma na durƙusa wa ɗan kwangila, ya maida ni da jakina, na ci gaba da jan ƙasa daga ramin nan. Ban ji kunya ba a lokacin, yanzu ma ban ji ba, ɗiyana sun ci. Shi kuwa gidansa suka koma cin dusa da anza, ɗan itacen daji mai ɗaci. Uwargidansa ta kwashi ƙananan ta tafi wajen danginta a Urafane, ƙaramar ɗiyarsu ta tafi a goye ko kuka ba ta iya yi. Allah ya raya ta, ita ce ta kawo mini saƙon uwarta da na faɗa a sama. Amma da ba ta rayu ba fa? Na sha juya wannan a raina. Masu wa'azin makoki suna son mamaci ya zama mai gaskiya tas. Ni na san nawa ya sa iyalinsa a bakin wuta saboda yaran da bai san sunansu ba, kuma ban san yadda Allah zai auna wannan ba. Na dai san ni ban iya ba.

Rani ya yi nisa, ni da shi ba ma magana. Aka gama birki, aka bar rami da mai gadi, don kada a saci abin da ya saura. Sai na fara ganin taubashina da rana tsaka, da diga da kwando, yana sassaƙar gefen gabas. Mai gadi ya kore shi. Ya ce ƙasar yaɓe yake ɗiba, bangonsa ya tsage, ko ita ma an hana? Ba a hana ba. Amma mutum guda da yunwa a cikinsa, yaushe zai kwantar da wannan gefe?

Nan ya yi abin da na fi so a duk rayuwarsa, wato ƙarya. Ya shiga bukkokin mutanen Issawane ya gaya wa mata cewa a duk ƙasar Tasawa babu yumɓu mai danƙon na gefen gabas ɗin ramin nan. Murhun da aka yi da shi ba ya tsagewa, kuma ba ya cin itace. Na yamma kuwa, ya ce, kada su kuskura, gishiri gare shi. Babban magini ya faɗa, wa zai musa? Mata suka fito da ƙore da fartanya. Maza suka biyo, masu son ɗan bangon da zai tare musu iska. Shi yana tsaye yana nunawa: "A'a, ɗiyata, matso nan, ta nan ta fi." Ƙasa ɗaya ce, wallahi, ni na ja ta, na sani. Haka suka yi ta ci har gefen gabas ya kwanta.

Wata safiya ina ɗaure jaki na ji murya a ƙofar gida, ta shaƙe, ba kamar da ba: "Gajere, zo ka hau."

Na so in yi kamar ban ji ba. Matata ta ce, "Tashi, kai ma ka san ka gaji da fushin." Na fito na gan shi, wuya kamar na zakara, riga na lilo a jikinsa. Ba mu gaisa ba. Muka tafi, na sauka, na harɗe hannuwa a baya. Ina tsakiyar hawa gwiwa ta ci amanata, na kife. Na ce yunwa ce, ba gangara ba. Ya ce, "Wanda zai faɗo ma da yunwarsa zai faɗo." Ya ɗauki diga. Na tsaya ina kallonsa yana sara yana haki, na ga ba zan iya ba, na karɓe digar na ce, "Kawo nan, bawa, kada ka mutu a ce ni na kashe ka." Ya ce, "Yau kuma bawa ke ba ubangijinsa umarni?" Shi ke nan sulhunmu. Ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri, har ya koma ga Allah.

Damina ta dawo, kamar yadda ya ce. Ruwan farko mai ƙarfi ya cika ramin ya yi baƙi. Da gari ya waye ya biyo mini muka je dubawa. A kan gangara, cikin laka, ga sawun awaki. A tsakiyarsu kuma ga wani sawu, ɗan ƙarami, da tafin hannu biyu, da jan gwiwa. Ya fito daga cikin ruwa ya nufi bukkoki. Muka duba ko'ina, babu sawun shigarsa ta nan. Ta gefen tsaye ya faɗa ke nan.

Na ce mu bi sawun, mu nemo yaron, mu kai shi gaban kumandan da ɗan kwangila, gari ya ji. Taubashina ya daɗe yana kallon tafin hannun nan. Sannan ya sa ƙafa ya shafe shi, ya bi sauran yana shafewa. Ya ce, "Bar shi. In uwarsa ta ji, dukansa za ta yi."

Ba mu taɓa sanin ko ɗan wa ba ne, ko namiji ne ko mace. Watakila yana cikin waɗanda suka zo gaisuwa, da furfurarsa, ya ci tuwon sadaka ya tafi. To ka ji ginin da taubashina ya bari. Ba a zuwa a gani. Wanda bai mutu ba bai san an yi masa komai ba.

Ranar sadakar bakwai, da aka shafa fatiha, na kama jikan a gefe. Na ce, "Kai, maigida, ramin nan naka fa?" Ya ce, "Kaka, wannan ba irin naku ba ne. Ramin salga ne, ginawa za a yi a rufe da siminti." Na ce yaushe? Ya ce da motar siminti ta iso. Na ce hadari fa? Ya yi dariya ya ce, "Kaka, za a gani daga baya." Yaro mai hankali ne, yana da ladabi, kakansa ma yana ji da shi. Amma da na ji kalmar nan sai na ji kamar an taɓa mini tsohon miki.

Na ja sandata na tafi wajen ginin. Akwai tsani a jingine cikin ramin, na bi shi a hankali na sauka, ina addu'ar kada in riga dabarata mutuwa. Da na taka ƙasa na ture tsanin ya kwanta, na zauna a kansa. Yaran lakwal suka leƙo, suka watsa da gudu suna ihu wai Gajere ya faɗa salga. Kafin ka ce kwabo rabin gidan makoki yana bakin rami.

Jikan ya iso da farar rigarsa. "Kaka, lafiya? Tada tsanin mana!"

Na ce, "Yaron da zai faɗo, wa zai tada masa tsani?"

Aka jefo igiya, na maida hannuwana baya. Babban ɗan mamacin ya ce, "Baba, don girman Allah, kada ka kunyata mu." Na ce ai ni kunyata ta ƙare tun ran da ubanka ya fara gwada ni da akuya. Liman ya leƙo, na shirya wa harara, sai na ga ya gyara tsayuwa kawai. Can ɗiyar marigayin ta ratso mutane da kwanon fura, ta ɗaura a igiyar ta zuro mini. Ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Inna ta ce a bar shi a ciki. Ta ce kada wanda ya fito da shi sai ta hanyar da mai gidan ke fito da shi."

Jikan ya dube ni, ya dubi gabas inda sama ta fara haɗe rai. Ya ce, "Kaka, ka san in na fasa gefen nan sai na sake cikawa da hannuna?" Na ce na sani. Ya tuɓe farar rigar ya miƙa wa abokinsa, baƙon nan mai tambaya, ya ce a kawo diga. Tsofaffin maginan nan biyu suka tsaya suna nuna masa: ta nan, ɗan nan, ta nan ta fi. Ni kuwa ina ƙasa ina shan fura, ƙasa na zubo mini a ka.

La'asar ta yi sanyi kafin su gama. Na miƙe, na harɗe hannuwa a baya, na tako. Na kife sau ɗaya, suka ƙara sara. Na sake takowa, gwiwa na ƙara, numfashi na yankewa, har na fito tsaye. Na tsaya ina jira, ban ma san abin da nake jira ba. Sai jikan ya share gumi, ya juya ga jama'a, ya ce, "To, madalla. Tun da Gajere ya fita, akuya ma ta fita."

Ban yi kuka a maƙabarta ba, ban yi a zaman makoki ba. A nan na yi shi, a bakin ramin salga, da ƙasa a gemuna, yaran lakwal na kallo.

Tsoho, naka ramin ba mu da ikon yi masa gangara. Wanda ya sa ka yi wa bayinsa, shi muke roƙo ya yalwata maka shi, ya sanyaya, ya buɗe maka hanyar da za ka tako ba tare da ka dafa ƙasa ba. In tawa ta zo ka tsaya daga sama ka kira ni yadda ka saba. Zan zo in hau.